Malamai a Kular Abinci

Inna mahaifiyata ce, amma a gonar talotalo ba mai kiranta da wani suna sai Uwar 'Yan Tsaki. Ita ke riƙe da ɗakin ɗumi, inda ake sauke 'yan talotalo washegarin ƙyanƙyasarsu, su zauna a hannunta har gashinsu ya fito sosai. Ni kuma ina mayankar kamfanin, tsallaken titi, a layin cire hanji. Ita take karɓarsu ranar farko, ni nake sallamarsu ranar ƙarshe. Idan muka yi faɗa a gida, kuma ba ma rasa yi, takan ce, “Ke dai ba abin da kika iya sai farke abin da na raina.”

A shekarar da nake ba da labari, cutar salmonela ta maƙale wa gonar ta ƙi fita. Ana ta neman ƙofar da take shigowa, kuma kowa ya san duk wanda aka samu ƙofar a wurinsa, aikinsa ya ƙare. Inna ko sunan cutar ba ta yarda ta kama. “Baƙuwar nan” take ce mata, tana taɓe baki.

Sai mutum ya yi kiwon talotalo zai san iyakar wauta. Ɗan tsakon kaza yana fitowa daga ƙwai yake fara tsince-tsince. Ɗan talotalo kuwa sai ya tsaya a tsakiyar faranti, ƙafafunsa cikin abinci, yana kukan yunwa. Gwaiduwar da ya fito da ita a ciki ce take riƙe shi kwanakin farko. Ranar da ta ƙare, in bai koyi ci ba, sai a wayi gari a same shi a gindin kwalin da aka kewaye su da shi ya miƙe ƙafa. Don haka aikin mai ɗakin ɗumi koyarwa ce. Za ta kama su ɗaya bayan ɗaya ta tsoma bakinsu a ruwa. Za ta durƙusa cikin dusar katako, ƙarƙashin fitilun ɗumi, gumi na bin bayanta, tana ƙwanƙwasa faranti da farce, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har wani mai ɗan kai a cikinsu ya matso ya ga abin da ake yi. Farcen yatsan Inna manuni ya daɗe da bajewa, ya yi kauri, abin yanke farce ba ya kama shi.

Ta shiga aikin ne bayan rasuwar mahaifina, ina ƙarama, lokacin gonar ba ta wuce rumfa biyu da rijiya ba. Matar mai gonar ta farko ce ta koya mata. Daga baya kamfani ya saye wurin, aka ja katanga, aka kafa get, aka shata jan layi a ƙasa. Wanda zai tsallaka layin sai ya tuɓe kayan gida, ya yi wanka, ya sa kayan gona, ya tsoma takalminsa na roba a kwarmin ruwan magani. Abincin rana kaɗai ake miƙawa ta wata 'yar taga a gefe. Manajoji suka zo suka tafi, Inna tana nan. A wasu gonakin da bokiti ake kwashe matattu a makon farko, ita kuwa nata a tafin hannu take fito da su, tana yi musu faɗa don sun ba ta kunya. In baƙi suka zo, ɗakinta ake fara nuna musu ta gilashi. Ba ta da wani abin taƙama a duniya da ya wuce wannan, kuma ba ta ɓoye taƙamar.

A wurinmu a mayanka, baƙuwar Inna ba abin taɓe baki ba ce. Ba a ganinta, ba ta wari, tsuntsun da ke ɗauke da ita yana yawo da ƙibarsa yana hura wuya. A hanji take zaune. Wuƙa ta kuskure ta huda hanji guda, sai a tsayar da sarƙar da ake rataye su, a sauke wannan tsuntsun, a wanke teburi, a tsoma wuƙaƙe a tafasasshen ruwa, mu sake safar hannu. Garken da aka ce yana da ita, sai an gama da masu tsabta kaf ake shigo da shi, a rage gudun sarƙa, naman kuma ba ya zuwa kanti ɗanye. Duk da wannan wahalar, wani kanti ya dawo mana da kaya, aka ce har akwai waɗanda suka kwanta asibiti. Babban mai sayen namanmu ya aiko cewa in aka sake, shi da mu sai gaisuwa. Daga ranar ko dariya mutum ya yi a layi sai an harare shi.

Likitar dabbobin kamfanin yarinya ce siririya marar yawan magana, kuma ba ta gajiya. Takan ɗaura farin ƙyalle a kan takalminta, ta zagaye ɗaki tana taka kashin tsuntsaye da gangan, ta cire ƙyallen ta ƙulle a leda ta aika ɗakin gwaji. Ta gwada abincin, ta gwada ruwan, ta gwada takardar da ke shimfiɗe a kwalayen da ake kawo 'yan tsakin. Duk lafiya. Ta sa aka toshe ramukan ɓeraye, aka sa raga a inda tsuntsayen waje ke leƙowa. Amma duk garken da ya shigo da tsabtarsa, kafin ya bar ɗakin ɗumi ƙyallen ya nuna cuta. To, tsuntsu ya zo lafiya, abinci lafiya, ruwa lafiya, saura me? Saura ɗakin kansa. Wanke ɗakin kuwa tsakanin garke da garke aikin Baba Mai Feshi ne.

Baba Mai Feshi dattijo ne mai tari, kusan tare suka fara aiki da Inna. Yaya yake ce mata. Shi ne ya goya ni a keke ya kai ni asibiti ranar da na karya hannu ina yarinya. Wata rana ina tsaye a bakin get ina jiran Inna mu tafi gida, Manaja ya tare shi a gaban kowa.

“Baba, ɗakin nan ba ya wankuwa.”

“Ranka ya daɗe, har bayan fanka nake bi da buroshi.”

“To daga sama take faɗowa? Ga sabbin tsuntsaye nan tafe. Ka wanke min shi kamar za ka ci abinci a ƙasan. In Likita ta sake samun wani abu, ka aje tankin feshin nan ka huta.”

Dattijon ya koma ɗakin. Ya kwashe dusar, ya kankare siminti, ya wanke da ruwan zafi, ya fesa magani, ya bari ya bushe, ya sake fesawa. Maganin ya bi ta cikin safar hannunsa ya cinye masa fatar hannu. Inna ce ma ta kai masa man shafawa, tana ce masa, “Allah zai fitar da kai, baƙuwar nan ba daga wurinka take ba.” Kuma har zuciyarta take faɗa.

Akwai wata doka da kamfanin ya kafa tun zuwansa: mai aikin gona ba ya kiwon tsuntsu a gidansa, ko tantabara ce. Inna na da kaji tun ina yarinya. Da dokar ta matsa, sai ta ce ta bai wa maƙwabciyarmu su. Akurkin ya tashi daga bayan ɗakinmu ya koma bayan ɗakin maƙwabciya, kuma katangar da ta raba mu ko ƙuguna ba ta kai ba. Inna ce dai take watsa musu hatsi ta saman katangar, ita take sanin wadda ta fara kwanci. In na yi magana ta ce, “Kajin mutane ne, zumunci nake yi.” Mun yi wannan faɗan har na gaji. A tunanina, tunda tana wanka a get tana sake kaya, abin ya tsaya a nan.

Safiyar da sabbin 'yan talotalon za su iso, na fito ɗaukar takalmina a bakin ƙofa. Kular abincin Inna tana kan benci, shuɗiya, tsohuwa, wadda na sani shekara da shekaru. Ban taɓa lura da cewa an huda murfinta da ƙusa ba sai ranar. Ina sunkuyawa na ji wani siririn sauti daga ciki.

“Inna, mene ne a kular nan?”

“Abincina.”

“Abincinki ne yake kuka?”

Na buɗe. 'Yan tsakin kaza ne, farare sol, a kan tsumma, ba za su wuce cikin tafin hannu biyu ba. Suka ɗago kai suna kallona.

“Rufe min, kar iska ta buge su,” in ji Inna. Ko kunya babu a muryarta. “Malamai ne.”

“Malaman wa?”

“Malaman yarana mana. Ke kina tsammanin farce ɗaya ne yake koya wa ɗaki guda ci? In na saki waɗannan a cikinsu, suna ganin ɗan'uwansu na tsince sai su bi. Kafin rana ta yi tsaka kowa ya iya. Da sun koya sai in kwaso abina in dawo da su. Haka aka koya min, haka kowa yake yi tun kafin a haifi mai ƙyallen nan.”

Sai komai ya jeru a kaina. Cikin dubban farare masu kuka iri ɗaya, wa zai tsaya ya ce wannan kaza ce? Ita ta yi wanka, ta sake kaya, ta tsoma takalmi, sannan ta zagaya ta karɓi kularta ta 'yar taga. Na ji raina ya ɓaci.

“Inna, ke ce ƙofar da ake nema.”

“Kul! Kar ki sake faɗa min wannan. Dube su. Wanne ne mara lafiya? Ido tar, ƙafa garau. Uwarsu ko mura ba ta taɓa yi ba.”

“Ni kullum masu ido tar nake farkewa, kuma a cikinsu ake samunta. Ba ta nunawa, Inna. Abin da Likita take ta faɗa ke nan.”

“Abin da ba ya nunawa, ba ya wari, ba ya kashe kazar da yake ciki, saboda shi zan bar yara su mutu da yunwa a kan abinci? Ke kin taɓa tsintarsu da safe? Kin taɓa jin rashin nauyinsu a hannu?”

“Baba Mai Feshi fa? Korarsa za a yi.”

Ta gyara murfin kular, ta danna shi da kyau.

“Ba za a samu komai ba wannan karon. Ya wanke ɗakin sosai.”

Ta ɗauki abarta ta fita. Na bi bayanta har titi ina magana ƙasa-ƙasa don kar maƙwabta su ji, ta yi kunnen uwar shegu da ni. A bakin get na tsaya ina kallo ta miƙa kular ta taga, maigadi ya karɓa yana tsokanarta wai yau ma ba za a ɗanɗana masa ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da shi. Amma uwata ce, kuma ɗakin nan shi ne rayuwarta. Na tsallaka titi na shiga mayanka, ranar na huda hanji har mai duba layi ya tambaye ni ko lafiya.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama gidan kurame. Na ce mata, “Ko ki faɗa, ko in faɗa.” Ta ce, “Je ki faɗa, ai bakinki ne.” Ta san ba zan iya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Malamai suka gama aikinsu suka dawo gida a kula. Likita ta ɗaura ƙyallenta ta zagaye ɗakin ɗumi, aka aika, aka zauna jira. Duk wanda ka gamu da shi a get, idonsa na kan ƙofar ofis.

Sakamako ya dawo da cuta. Aka ce wa Baba Mai Feshi ya ƙarasa makon ya miƙa kayan aiki. Da Inna ta dawo gida ranar, ta zauna a bakin gado da mayafinta ba ta cire ba. Na zaci za ta amsa laifinta. Sai ta ce, “Wataƙila ɓeraye ne.” Na fita na bar mata ɗakin don kar in faɗi abin da ba a faɗa wa uwa.

Ina da 'ya guda, ba ta isa shiga makaranta ba. Mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka in mun tafi aiki wurin maƙwabciya take wuni. Inna ƙawata take ce mata, ita ma haka take mayar mata. Duk lokacin da malamai suka dawo, ƙawar ce take tarbarsu. Takan zuba su a cinya, ta sumbace su a ka, ta ba su gutsuren biskit ɗinta sannan ta cinye sauran. Na hana, na yi faɗa, amma ni ba na gida da rana.

Ana saura kwana kaɗan Baba Mai Feshi ya tafi, maƙwabciya ta aiko mayanka a kira ni. Na tarar da yarinyar jiki zafi rau, tana ta gudawa, har da jini-jini. Kafin mu isa asibiti idanunta sun faɗa, kuka ma ba hawaye. Aka nemi jijiya aka rasa a hannu, sai a ƙafa aka samu aka sa mata ƙarin ruwa. Inna ta iso da kayan gida a birkice, ɗankwali a karkace, ta tsaya a ƙarshen gado tana kiran “ƙawata, ƙawata,” yarinyar ko juyowa ba ta yi ba.

Nas ɗin da ke kula da mu ta zo tana tambayoyi. Me ta ci, wane ruwa take sha, akwai wani mai irin wannan a gida.

“Kuna kiwon kaji ko agwagi? Tana wasa da 'yan tsaki?”

Na ɗaga kai na kalli Inna. Inna ta kalli ƙasa.

“Tana yi,” na ce.

Aka ɗauki kashinta aka kai gwaji. Muka yi ta zama a kan benci, ruwa na ɗiga, zazzaɓi ya sauka ya sake hawa. Ban yi wa Inna magana ba, ita ma ba ta yi min ba. Sau ɗaya ta miƙa hannu za ta shafa kan yarinyar, sai ta tsaya ta kalli hannun, ta mayar da shi cinyarta. Da likitan yara ya zo zagayen safe da sakamakon, ya faɗi sunan cutar a sauƙaƙe, kamar abin da yake gani kullum, ya ce an kawo ta da wuri, in ta fara riƙe ruwa za ta tashi. Ya wuce gado na gaba.

“Me ya ce?” in ji Inna, alhali ta ji.

Na maimaita mata.

“Salmonela,” ta faɗa a hankali. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Washegari ita ce ranar ƙarshe ta Baba Mai Feshi. Maƙwabciya ta karɓe ni a asibiti don in je in nemi hutu a wurin aiki. Ina isa na hango Inna a gabana, da shuɗiyar kularta. Ma'aikata sun yi layi suna jiran shiga wanka. Ita ba ta shiga layin ba, ba ta kuma nufi 'yar tagar ba. Ta je daidai jan layin ta tsaya ta wajen titi, ta aje kular a ƙasa.

“Kira min Likita,” ta ce wa maigadi.

“Uwar 'Yan Tsaki, ba za ki shigo ba?”

“Ka kira min ita, na ce.”

Likita ta fito, Manaja na biye da ita. Baba Mai Feshi ma yana wurin, ya kawo tankinsa a wanke zai miƙa. Inna ta durƙusa ta cire murfin. Malaman sun ɗan girma, fukafukansu sun fara fitowa, yanzu ko makaho ya san kaji ne. Ɗaya ya yi tsalle ya hau bakin kular.

“Waɗannan nake shiga da su,” in ji Inna. “Duk garke. Ta tagar can. Su suke koya wa yarana ci. Ki gwada su, ki je gidana ki gwada iyayensu. Jikata tana kwance a asibiti da cutar nan.”

Manaja ya buɗe baki, Likita ta ɗaga masa hannu. Ta tsuguna ta mayar da wanda ya fito, ta rufe kular da kanta.

“Tun yaushe, Mama?”

“Tun kafin a yi get ɗin nan.”

“Wani ya sani?”

“Ni kaɗai ce. Wannan bawan Allah ba ruwansa. Ɗakinsa a wanke yake, ni nake ɓata shi.”

Likita ta daɗe tana kallon ramukan ƙusar da ke kan murfin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

“Na gwada komai a gonar nan ban da abincin mutane,” ta ce. “Mama, don Allah kar ki tsallaka layin nan.”

“Na sani, 'yata. Shi ya sa na tsaya a nan.”

Baba Mai Feshi ya aje tankinsa. Ya tako har bakin layin ta ciki, ya buɗe mata tafukan hannunsa. Fatar ta saɓule, sabuwa ja tana fitowa, man da ta ba shi yana ƙyalli a kai.

“Yaya,” ya ce, “kina kallo?”

“Wallahi ban yarda su ba ne. Da na yarda…”

“Ko ba ki yarda ba, ai sai ki ce min, ga abin da nake yi. Ni da ke.”

Inna ta sunkuyar da kai. Tunda nake ban taɓa ganin an yi mata magana ta rasa ta mayarwa ba sai ranar, kuma duk fushin da nake yi da ita, sai na ji tausayinta ya kama ni. Manaja ya ce ta miƙa katin shigarta. Ta ciro shi daga wuya ta miƙa ta saman layin. Daga inda muke ana jin kukan ɗakin ɗumi, lokacin zuba musu abinci ya yi. Ta juya kai wajen sau ɗaya, sannan ta kama hanyar asibiti.

Likita ta zo bayan gidanmu da farin ƙyallenta, ta taka gaban akurkin. Gwaji ya nuna iri ɗaya ce da ta ɗakin ɗumi. Aka kashe kajin duka aka binne su da farar ƙasa, maƙwabciya na kuka, Inna na tsaye tana kallo. Kamfani ya mayar da Baba Mai Feshi bakin aikinsa, kuma shi aka turo ya fesa mana tsakar gida. Ya bi kowane lungu, har saman 'yar katangar. Inna ta kawo masa ruwa a kofi, ya ce ya gode, bai sha ba. Da zai tafi ya ce da ni, “Kar yarinya ta taka nan sai ya bushe.”

An toshe 'yar tagar, yanzu a ciki ake dafa wa ma'aikata. Wata matashiya aka ba ɗakin ɗumi. Garken da ya biyo baya ƙyalle ya fito da tsabta, na bayansa ma haka, a mayanka aka mayar da sarƙa gudunta. Matattun makon farko kuwa da bokiti aka fitar da su. Ban gaya wa Inna ba. Ita ma ba ta tambaya ba, sai dai in na dawo takan kalli fuskata ta kau da kai.

An sallamo 'yata ta rame, wuya kamar zare. Cutar ta tafi amma ta bar mata tsoron abinci. Duk abin da aka kawo sai ta rufe baki ta juya kai. Na lallasa, na yi wasa, na yi tsawa, har na fashe da kuka. Tun daga asibiti Inna ba ta taɓa ta ba. Takan zauna can bakin ƙofa tana kallonmu, in yarinyar ta miƙo hannu ta ce, “Je ki wurin uwarki, ƙawata, hannuna da datti.”

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙasa da farantin shinkafa a gabanmu, ta huce, yarinyar ta ƙi ko kallonta. Sai na ji ƙarar ruwa a waje. Inna ce take wanke hannu da sabulu, har gwiwar hannu, tana bin ƙarƙashin farce, yadda ake yi a get. Ta ɗauraye ta sake sabawa. Ta shigo ta durƙusa a gefen farantin, gwiwoyinta na ƙara. Ba ta ce wa yarinyar ci ba, ba ta ma kalle ta ba. Ta sa bajajjen farcen nan a bakin farantin.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Yarinyar ta juyo. Inna ta ɗauki ƙwayar shinkafa ɗaya ta sa a bakinta, ta ci gaba da ƙwanƙwasawa. Can 'yata ta matso, ta leƙa farantin, ta sa yatsu biyu ta ɗauka.

Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta girgiza min kai, hawaye na bin fuskarta, hannunta bai tsaya ba.

“Yi shiru,” ta ce ƙasa-ƙasa. “In aka yi surutu sukan fasa.”